Ɗakin da Muka Gyara wa Baba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki, ya gajiya? Na zaɓi takarda ne don a waya ba ka barin mutum ya kai aya.

An sallamo Baba daga asibiti. Likita ta ja ni gefe ta ce huhunsa ya gaji, ƙurar katakon da ya shaƙa a shekarunsa na kafinta ta gama aikinta. Ta ce in aka sake mayar da shi kwanan nan, ba ta da tabbacin zai fito da ƙafarsa.

Duk abin da ka ce an yi. An naɗe kafet, an cire labule, an kwashe kayan aikinsa, har ɗan zarton da yake ɓoyewa a ƙarƙashin gado. Na liƙa sanarwarka a ƙofa cewa ba a shiga. Abokansa Tela da Direba sun zo dubiya, na sallame su daga bakin ƙofa kamar masu talla. Tela ya kalle ni kallon da har yanzu nake jin nauyinsa.

A gaida yara.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Mu dai ba ƙalau ba, kuma raina a ɓace yake.

Bayan na rubuto maka, tarin Baba ya yi ta ƙaruwa. Daga gado zuwa banɗaki sai ya dafa bango yana haki. Har na fara zargin maganin shaƙarsa jabu ne. Makon jiya ina shanya a bayan gida, sai na ga tagarsa ta buɗe, hannu ya fito da maganin, fes, fes! Ashe iskar waje Baba yake yi wa magani!

Na faɗa ɗakin. Ko musu bai yi ba. Ya ce a asibiti na gadon kusa da shi yana ba shi labari, nas-nas suna kiransa Kafinta, har wata kujera mai gurguwar ƙafa ya koya musu gyarawa. Nan kuwa daga shi sai agogon bango. Ya ce gara numfashin ya ƙare masa cikin mutane da ya daɗe a wannan akwatin da muka goge masa.

Tir da mu, Yaya! Mu duka. Ku kuna turo addu'o'i ta waya, ni ina tura tiren abinci ta ƙofa kamar mai gadin kurkuku. Uban da ya ƙera gadon da aka haife mu a kai, wai shi ne yake neman ciwo don ya samu abokin hira. Da na tuna sai abinci ya fita raina.

Na tambayi nas ɗin da ke zuwa duba shi a gida. Ta riƙe haɓa ta ce wa ya hana baƙi? Mai mura da mai warin sigari kawai aka ce su yi nesa, saura su wanke hannu su shiga. Ashe dokar taka ce, Yaya, kai ka tsara ta daga nesa, don ta fi maka sauƙi.

Na yage sanarwar. Tela da Direba suna zuwa kullum da yamma. Tela ne ke riƙe maganin, ya ce ba za a fara hira ba sai an shaƙa a gabansa. Baba yana mita, amma yana shaƙa. Jiya da ƙafarsa ya raka su har ƙofa.

Na san za ka fusata. Kada ka kira, ba zan ɗauka ba. In faɗa ne ka zo ka yi shi a nan, akwai kujera ɗaya kusa da gado da ba mai zama. Ya tambaye ni ko ka fara furfura.

A gaida Anti.

Ƙanwarka,
Auta