Haƙoran Kekena da Tarin Malam Haruna

Zuwa ga Shugaban shirin yaƙi da tarin fuka da ya raba mana kekuna a yankin Dutsin-Ma da Kurfi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan Yallaɓai yana lafiya tare da iyali. Sunana Sama'ila. Ina cikin waɗanda kuka ɗauka mu riƙa kai kakin masu tari daga ƙananan asibitocin ƙauye zuwa ɗakin gwaji a Dutsin-Ma. Sau biyu ina rubuta wa jami'in da ke kula da mu, amsarsa ba ta fisshe ni ba. Shi ya sa na fito fili. Ba rashin kunya ba ce, na rasa inda zan sa kaina ne.

1. Keken da kuka ba ni mai kyau ne, ba zan ci amanarsa ba. Irin na hawan dutse ne, farantin haƙoran da ke jan sarƙa ɗaya tal a gaba, giya da yawa a baya. Damina guda na yi a kansa cikin gargadar hanyarmu da yashin rafi, sarƙa ba ta taɓa zamewa ba. Amma ranar rabo hoto kawai aka ɗauke mu, aka ce mu riƙe amana. Ba wanda ya ce mana uffan game da gyaransa.

2. Da sarƙar ta tsufa, na kai wa Baba Audu, mai gyaran keke a kasuwarmu, wanda tun ina yaro yake wannan sana'a. Ya ɗora sabuwa, ta ƙi zama, ta yi tsaye a saman haƙora. Ya duba farantin da kyau, ya ga haƙori ɗaya mai kauri, na kusa da shi siriri, haka har zagaye. Ya rantse kuskuren kamfani ne, bai taɓa ganin keke mai haƙoran da ba su daidaita ba. Ya ɗauko magagari ya goge masu kaurin nan kaf. Ni na riƙe masa keken, Yallaɓai, har ina sa masa albarka. Akwai kuma wani ɗan makunni a jikin giyar baya, ya ce shi ke sa ta tauri, ya murɗe shi da ƙarfi ya karye.

Daga baya ne wani ma'aikacin ɗakin gwaji ya nuna mini a wayarsa cewa da gangan aka yi haƙoran haka. Mai kauri yana shiga faffaɗan ramin sarƙa, siririn yana shiga matsattse, su ne ke riƙe ta idan keke na tsalle. Da Baba Audu ya matsar da sarƙar haƙori ɗaya kacal, da ta zauna daram. Makunnin kuwa shi ke hana ta lilo. Wallahi da na gani, sai da na nemi wuri na zauna.

3. Tun daga ranar, ko ɗan dutse na taka sai sarƙa ta faɗi. Na rage tsawonta, na ɗaura waya, na yanka tsohon silifas na manna a gefe. Duk a banza. Hannuna kullum baƙi ƙirin, ni da aka ce in riƙa taɓa akwatin gwaji da tsabta.

4. Ga abin da ya sa nake rubutu. Malam Haruna shi ya koya mini karatun allo. Ya daɗe yana tari, ya rame har rawaninsa ya yi masa yawa, kuma ɗaki ɗaya yake kwana da jikokinsa. Mutum ne mai kunya, da ƙyar na shawo kansa ya tofa kaki a robar gwaji. Karo na farko, ina miƙe a kan feda zan haura daga rafi, sarƙa ta zame, na kifa, akwati ya buɗe, robar ta fashe a kan dutse. Na koma na roƙe shi, ya sake bayarwa. Karo na biyu sarƙar ta maƙale tsakanin faranti da ƙarfen keke, na tura shi da ƙafa tun daga wajen Kutawa. Kafin in isa ƙanƙarar da ke sanyaya kakin a cikin akwati ta narke, an rufe karɓa, aka ce a kawo sabo. A asibitin ƙauyenmu kuwa ba a ba da magani sai da sakamako.

Za a ce in hau babur. 'Yan acaɓan garinmu sun san abin da ke cikin akwatin, ba mai yarda ya goya ni. Na nemi farantin a Dutsin-Ma da Kurfi, babu, wasu ma dariya suka yi mini. Jami'inmu ya ce tunda na bari an taɓa keken, ba na cikin waɗanda za a sauya wa kaya. Na amsa laifina. To Malam Haruna fa, me ya yi?

Roƙona: a taimaka mini da faranti mai irin haƙoran nan, da giyar baya mai makunni, ko da ɗan mariƙin da ake ɗaurawa saman faranti ya tare sarƙa. Sannan a tara masu gyaran kekenmu a nuna musu, ko na wuni ɗaya. Baba Audu ba mugu ba ne, tun da ya ji labari ba ya iya haɗa ido da ni, kuma sauran kekunanku duk hannunsa za su zo.

Malam ya yarda zai sake bayarwa ranar Litinin. Ya ce daga wannan in ƙyale shi da Ubangijinsa. In kayan ba su zo ba, zan jingine keken, in ɗora akwatin a ka, in kama hanya da ƙafa bayan sallar asuba. Na san ƙanƙarar ba za ta kai ba. Wata dabarar ce ba ni da ita.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya, ya sa ka gama da aikinka lafiya, ya sa takardar nan ta riske ka kafin Litinin.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sama'ila mai kai gwaji.