Jirginki Yana Sama, Ki Sauko Da Shi

Auta,

Zan fita kai ɗinki, na ga kina barci ban tashe ki ba.

Jiya na ji ki kina cewa jirginki na kwamfuta kullum hagu yake ja, wai ke ce ba ki iya ba, gara ki fasa gwajin makarantar tuƙin jirgi.

Ɗazu na duba fedar juya jirgin da kika haɗa da ƙarfen tsohon keken ɗinkina. Ba laifinki ba ne. Shekara da shekaru da ƙafar hagu nake danna shi, har ya kwanta ta gefen nan. Na cusa guntun fata a ƙarƙashi, na ɗiga mai.

Na kunna yadda nake ganin kina yi, na zauna a kujerarki. Jirgin ya miƙe sak har ya tashi. Sai hankalina ya kwanta.

Saukarwa ce ban iya ba. Na danna maɓallin da kike tsayar da shi in na kira ki. Yana nan a sama, in kin farka ki sauko da shi.

Ummanki