Marasa Jika Sun Yi Jikoki

Zuwa ga Goggona abar alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, kuma ciwon gwiwar nan ya sake ki. Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma lafiya lau. Maigidan ya koma aiki, Auta kuma ta fara haƙori, babu wanda ya tsira daga cizonta.

Goggo, albishirinki! Ke da kika yi shekara da shekaru kina karɓar haihuwa, ke ya kamata ki fara ji. Kin san aikina a ɗakin bincike, kiwon ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓiyar ayaba, cikin kwalabe masu toshiyar auduga. Akwai wani iri da muke kira marasa jika. Uwar lafiyarta ƙalau, 'ya'yanta ma garau, amma su ba sa haihuwa, sai zuri'ar ta tsaya a nan. Na daɗe ina neman aibin a jikin 'ya'yan, har shugaban sashenmu ya gaji, ya ce in gwajin wannan zubin bai yi ba za a zubar da kwalabena a ba wani teburina. Wallahi sai da na laɓe bayan firji na yi kuka.

Ashe na bar jaki ina dukan taiki, matsalar daga uwa take. Kafin ta saki ƙwai takan ajiye wani ɗan guzuri a ƙarshensa, ta wajen da zai zama bayan ɗan, kuma daga shi ƙwayoyin haihuwar ɗan suke samuwa tun bai yi kai ko ƙafa ba. Ita wannan uwar ƙwayar gado ɗaya ce ta lalace mata, shi ya sa guzurin ba ya isa wurin. Sai na ɗauki allurar gilashi wadda gashi ya fi ta kauri, ina ɗebo guzuri daga lafiyayyen ƙwai ina zubawa a nata. Na fasa ƙwai ba adadi, har abokiyar aikina tana tsokanata wai mai shayi ma bai kai ni ɓarnar ƙwai ba.

Waɗanda suka tsira suka ƙyanƙyashe suka girma, na haɗa su aure, na zauna jira. Shekaranjiya da safe na ɗaga kwalba a hasken taga, sai ga fararen tsutsotsi suna ta nutso a cikin abincin. Jikoki, Goggo! Na kurma ihu har mai shara ya yar da tsintsiya. Shugaba ya zo ya ƙura wa kwalbar ido ya daɗe, sannan ya ce teburin nawa ne, ya kuma tambaya ko ina son ƙarin kwalabe. Daɗi kamar ya kashe ni.

Ki gaishe mini da Baffa, da Yaya Dogo da iyalinsa, da Inna Ƙarama. Ki ci gaba da sa mini albarka.

Ni ce 'yarki,
wadda yanzu duk sashenmu ke kira Kakar Ƙuda.