Sunan da Ni da Inna Ba Mu Faɗi

Talata, 2 ga Mayu

Yau Malama Fiddausiya, shugabar ƙungiyarmu ta yaƙi da jahilci a nan Ibohamane, ta raba mana aiki. Manyan da ke jin nauyin zama a aji, kowa za a ba shi mai koya masa a gida. Ni a raina ina ta roƙon a ba ni wata mai labari, irin matan littattafaina, wadda masoyinta ya ɓace shekara da shekaru. Sai na ji an haɗa ni da Inna. Surukata! Uwar mijina, wadda ko ƙwayar idonta ban taɓa kallo ba. Wai da ƙafarta ta je ta ce a rubuta ta, kuma ni ta zaɓa. Me take nema?

Juma'a, 5 ga Mayu

Darasin fari. Ita bisa kujera, ni a durƙushe da allo da alli. Ta yaya zan ce wa surukata "ba haka ba ne"? In ta yi kuskure sai in ce, "Inna, allin ne bai da kyau."

Alhamis, 11 ga Mayu

Ta gaji da baƙaƙe. Ta ture allon ta ce, "Ɗiyata, ni ban da lokacin wanga duka. Sunan wancan nika so."

"Wa, Inna?"

"Wancan dai. Na Abijan."

Ɗanta na fari ne, bakinta bai taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi. Ni kuma mijina ne, ban isa ba. Ga shi ƙa'idar Malama a faɗi kalma da ƙarfi kafin a rubuta. Muka yi tsit kamar masu zaman makoki, kaji na ta kai da kawowa tsakaninmu. Can sai kafaɗarta ta soma rawa. Dariya! Ban san tana da wushirya ba.

Lawali. Ga shi nan dai na rubuta. Rubutu ai ba faɗi ba ne, ko?

Laraba, 17 ga Mayu

Na sami dabara. Mun rubuta lalle, mun rubuta wake, mun rubuta liman, muka ɗebo farkon kowanne muka jera, ba wadda ta buɗe baki ta haɗa. Inna ta daɗe tana duban allon. Ta ce, "Wake a tsakiya. Daidai ne. Tun yana ƙarami abin da ke cikinsa ke nan."

Alhamis, 18 ga Mayu

Da a littafi ne, da ciwo take ɓoyewa, ko wata dukiya a binne. Na yi ta leƙenta yau. Ta fi ni ƙarfin daka.

Asabar, 27 ga Mayu

Ya kira ni. Bana ma ba zai zo noma ba, wai kasuwa ta fara kyau. Damina biyu ke nan. Tun jiya na haddace kalamai daga littafin da nake karantawa, na wata da taurari, da nufin in karya masa zuciya ya dawo. Da na ji muryarsa sai duk suka yi mini kamar tufafin aro. Abin da na iya cewa, "To, Allah shi taimaka."

Na gaya wa Inna kaina a ƙasa. Sai ta ce, "Ɗauko allon."

Talata, 6 ga Yuni

Yau na gane. Ta kwance bakin zane ta fiddo portabul, wayar hannun da ɗanta ya aiko mata. Tun da aka kai autarta Habsa ɗaki a Buza, ba mai latsa mata. Ta ce in ya kira, a gaban mutane take amsawa, daga "to" sai "to". In kuwa ta ba wani ya nemo mata shi, mutum ya tsaya ke nan yana saurare. "Akwai maganar da ba a yi da ɗan hwari in da kunne kusa."

Muka bi sunayen da ke cikin wayar ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya kan Ladi, na ce gilashin ne ya yi datti. Ta harare ni. "Bar ƙarya, malama. In na ɓata, ce na ɓata." Na ce, "Kin ɓata, Inna." Ƙasa ba ta tsage ba.

Asabar, 10 ga Yuni

Ruwa ya sauka da hantsi, har kwari ya kawo. Bayan ya ɗauke na nemi Inna na rasa. Na hango gefen zanenta a bayan rumbu, na koma madafa na yi ta buga tukwane don kada in ji.

Ba a jima ba wayata ta yi ƙara. Shi ne.

"Zali, lahiya kuke? Inna ta kira ni. Da kanta!"

"Mi ta ce?"

"Ta ce, kai wancan, ruwa ya sauka, ƙafata ba ta hawa dutse kuma, ina son ganinka. Ta kashe."

Sannan ya ce gobe zai je tasha ya yanki tike.

Lahadi, 11 ga Yuni

Na ɗauka karatu ya ƙare, tunda ta sami abin da take nema. Da la'asar na shimfiɗa tabarma na buɗe littafina, saura kaɗan a san ko jarumar za ta yafe masa. Sai ga Inna da allo a hammata. Ta zauna kusa da ni, har gwiwarmu na taɓa juna.

"To, naki sunan hwa? Da mi ya fara?"

Na ce da zabuwa.

Littafin yana nan ƙarƙashin matashi. Ba wai na daina son sa ba. Hasken ne bai isa ba.