Kada Ka Bari Amiru Ya Biyo Ni

Zuwa ga yayana Bawa, a Tozai.

Bayan gaisuwa, ya jikin Inna? Ina Larai da yara?

Ni lahiya lau nike a Ikko, sai ɗan kumburin gaɓoɓi, har takalmi ya daina shiga. Likita ya ce dalmar batiran da muke narkarwa ce ta shiga jinina, ita ke hura mini jiki. Ya ce, “Bar aikin nan.” Na ce in na bari, mi za ku ci, gero ya ƙone a gona?

Na ji ƙanenmu Amiru na shirin tahowa. Don Allah hana shi, ko ɗaure shi za ka yi. Kada Inna ta ji.

In ruwa ya sauka, ko yayyahi ne, ka aiko. Za ni dawo ko da rarrahe.

Ƙanenka,
Kassimu