Da Muryar da Allah Ya Bar Miki

Zuwa ga Kyauta, sanyin idona, ruwan randata a tsakar zafin Riyad, ke da sunanki bai taɓa yi mini ƙarya ba,

Saƙonki ya same ni a cikin motar kafil, maigidan da nake wa tuƙi, ina jiran a tashi yaransa daga makaranta. Wai tun da aka yi miki aikin maƙoƙo muryarki ta dushe, kin bar mawaƙan coci, kuma tunda muryar ce ta jawo ni, kin yafe mini alkawarin aure. Haba Kyauta! Wa ya roƙe ki wannan yafiyar?

Har da shaida kika haɗo: faifai uku na mawaƙan kudancin Amurka, kowa na rera waƙar bisharar nan da kuka mayar Hausa, wadda kika ja ranar godiyar girbi a Kafanchan, ranar da na fara ganinki cikin atamfa ruwan ganye, na manta da buhun masarar da na kawo. Kika ce in saurara in ji abin da ba za ki ƙara iyawa ba. To, na saurara. Kin san a nan ba mu da majami'a, kujerar direba ce bencina.

Ta farko mace ce, muryarta na tashi sama kamar shaho, ko haki ba ta yi. Na jinjina mata, amma har ta gama tunanin cunkoson motocin unguwar Batha nake yi. Na biyu maza huɗu ne, sun jeru ras, mai babbar muryar cikinsu har ƙofar mota yake girgizawa. Buraima, abokin ɗakina a unguwar Gubaira, musulmi ne kuma ba ya jin Turanci, amma da na kunna masa cewa ya yi waɗannan daga ji sun ƙoshi.

Amma na ukun! Anya kin saurare shi har ƙarshe kafin ki turo? Tsoho ne, muryarsa ta tsage, numfashinsa gajere. Da ya iso wurin nan da waƙar ke hawa sama, bai hau ba. Ya yi shiru, ana jin yana haɗiyar yawu, sai jama'ar da ke zaune suka ɗauke masa baitin, shi kuma ya tarye su daga ƙasa. A nan hawaye ya ƙwace mini, har autan kafil da ya shigo mota ya tambaye ni da Larabci ko rasuwa aka yi. Na farkon nan sun iya waƙar, shi kuwa ya san abin da take faɗa.

Ya farin watana, ba zan ɓoye miki ba, ina son muryar nan taki, kuma na yi kukanta kamar yadda kika yi. Amma ita kaɗai ce ke? Da murya kika yi jinyar Mama a asibiti, lokacin da aka hana ni izinin tafiya gida? Da murya kika riƙe ni duk shekarun nan, kina can ina nan? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle naki da bai ruɓe ba, tabo kawai ya yi.

Ban karɓi yafiyarki ba. An ba ni hutun Disamba, kuma kawunnaina za su je gidanku kamar yadda aka shirya. Abu ɗaya nake roƙo: ki shiga ɗaki, ki tura ƙofa, ki rera mini waƙar da muryar da Allah ya bar miki, ki turo. In ta tsaya miki a hanya, kada ki goge, kada ki sake. Ina so kunnena ya fara sabawa, don da ita za ki riƙa kiran sunana har tsufa.

Naki, jiya da yau, har ranar da tawa muryar za ta ɗauke,
Inuwa