Yatsun Jabiru

Assalamu alaikum, Malam.

Ina fatan kana lafiya, da Saude da yara da duk mutanen Nariya. Yaya ƙafar Inna? Da hannuna nake rubuta wannan, ban sa kowa ba, don kada maganar ta riga ni isowa gida.

Na iso Legas lafiya, na samu ɗanmu Jabiru yana cin abinci, yana barci. Na ga wurin aikinsu. Tsofaffin firiji ake tarawa, su zuƙe gas ɗin ciki da inji su ɗura a tukwane, wai idan aka sake shi a iska yana ƙara wa duniya zafi. Ranar da abin ya faru tiyo ne ya tsage. Maimakon Jabiru ya matsa, sai ya damƙe wurin da hannu kada gas ɗin ya tsere. Sanyi ne ya ƙone shi, Malam, ba wuta ba. Abokan aikinsa da suka ji ya ce ƙuna, sai suka tusa hannun cikin ƙanƙara.

A waya ya ce maka ɗan rauni ne. Ranar Talata likita ya cire yatsu biyu na dama. Ina wurin. Ban yi kuka ba, har yanzu ban ji komai ba.

A sa shi a addu'a bayan sallar Juma'a. Kada ka jira shi girbin dawa, ka nemi wanda zai riƙe magirbi.

Allah Ya tsare ku.

Matarka,
Fulera